KIMIYYA A SAUƘAƘE: Dillalin Da Ba Ya Karɓar La'ada

Duk wanda ya fito daga Minna ta hanyar Paiko a tsakiyar damina, ya tsaya a gadar Chanchaga ya leƙa ƙasa, zai ga ruwan kogin ya yi jawur da laka, har mutum ya rantse ba mai iya kai shi baki. Amma kuwa ruwan nan ne, wanda madatsar Tagwai take tarewa tun ƙarshen shekarun 1970, ake jawowa zuwa gidan ruwa na Chanchaga, a tace shi, a tura shi ta bututu zuwa unguwannin babban birnin Jihar Neja. Abin da yake raba ruwan da lakarsa kuwa shi ne alif, wanda wasu ke kira alam, irin wanda matan karkara suke jefawa a randa idan an ɗebo ruwan rafi. Da zarar ya narke sai ya riƙa tattara ƙananan ɓarɓashin laka suna dunƙulewa, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa, ruwa ya tashi garau.

To, shi alif ɗin gidan ruwa ba tono shi ake yi daga ƙasa ba. Dafa shi ake yi a masana'anta, ta hanyar zuba wani ruwa mai tsananin ƙarfi a kan farin yumɓu ko kuma ƙasar da ake fitar da sanholo daga cikinta. Wannan ruwa shi ne asid na farar wuta, wanda makanikai da direbobi suka fi sani da sunan ruwan batir, ko da yake na cikin batir an riga an sirka shi, kashi ɗaya cikin uku ne kawai asid, saura ruwa. Kowane tan ɗaya na alif yakan ci kusan rabin tan na asid ɗin. Ke nan mai buɗe famfo a Minna yana da alaƙa da wannan asid ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi kuma asid yana da wani abu ƙarami da ya dogara a kansa, wanda in babu shi masana'anta ba ta motsi. A kan wannan abu ne filin namu zai yi bayani a wannan mako.

AUREN DA YA ƘI ƊAURUWA

Farar wuta dai sananniya ce a kasuwannin ƙasar Hausa, a wurin masu sayar da kayan ƙoli da 'yan magani. Idan aka ƙona ta a cikin iska sai ta ba da wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. A cikin hayaƙin nan kowace ƙwayar farar wuta ta kama ƙwayoyi biyu na oksijin, wato ɓangaren iskar da ɗan Adam yake shaƙa ya rayu. Masana na rubuta shi SO2, amma domin sauƙi za a kira shi hayaƙi mai biyu. Ba a samun asid sai wannan hayaƙi ya ƙara kama ƙwayar oksijin ta uku ya zama SO3, wato hayaƙi mai uku, shi ne kuma idan ya haɗu da ruwa yake zama asid.

A nan ne gizo ke saƙar. Kama ƙwayoyi biyun farko ba wuya, wuta kawai ake kunnawa. Amma ta ukun nan, idan aka bar hayaƙin da iska su kaɗai, sai su yi ta zaman doya da manja, haɗuwar tana tafiya a hankali ƙwarai har ba ta da amfani ga mai masana'anta. In kuwa aka ce a ƙara zafi domin a hanzarta su, sai wata matsala ta taso, domin idan zafi ya yi yawa hayaƙi mai uku yakan warware ya koma mai biyu. Da sanyi auren ba ya ɗauruwa, da zafi kuma ba ya zama.

Maganin wannan shi ne abin da masana kimiyya suke kira katalis, sunan da ya samo asali daga kalmar da wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Berzelius, ya ƙirƙiro a 1835. Bahaushe zai fi gane shi idan aka ce dillali. Aikin dillali a kasuwar shanu shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya daidaita su, ciniki ya faɗa, shi kuwa ba saniyar ya saya ba, ba kuma shi ya sayar ba, gobe ma yana nan zai haɗa wasu. Haka katalis yake, sai dai ya fi dillalin kasuwa da abu guda: ba ya karɓar la'ada. Yana shiga ciniki ya fita yadda ya shiga.

YADDA AKA SAMO SHI

A 1831 ne wani Baturen Ingila mai suna Peregrine Phillips, mai sana'ar haɗa ruwan tsami a birnin Biristol, ya yi rajistar wata dabara ta bi da hayaƙin farar wuta da iska ta kan ƙarfen filatinam mai zafi. Dabarar ta yi kyau a takarda, amma ta shafe shekaru da dama ba ta shiga masana'antu sosai ba. Dalili na farko, filatinam ƙarfe ne mai tsadar gaske, sa'an zinariya. Na biyu, bayan ɗan lokaci sai ya daina aiki, ba a san abin da ya same shi ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani mai suna Rudolf Knietsch, na kamfanin BASF a Jamus, ya tabbatar da cewa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na gubar arsanik da ke biyo hayaƙin shi ne yake kashe filatinam ɗin. Ya bayyana sakamakon aikinsa a 1901.

Daga nan hankali ya ƙara komawa kan tsatsar ƙarafa. Abin da Bahaushe ke kira tsatsa, wato jan abin nan da ke fitowa a jikin fartanya idan ta kwana a raɓa, ba wani abu ba ne illa ƙarfe da ya haɗu da oksijin. Kusan kowane irin ƙarfe yana da tasa tsatsar, masana na kiranta oksaid. A birnin Manhaim na Jamus an yi amfani da tsatsar baƙin ƙarfe a matsayin dillali, ga ta da araha, ga ta ba ta tsoron arsanik. Aibinta shi ne ba ta farkawa sai zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, a wannan zafi kuwa babban kaso na hayaƙin ba ya juyawa.

Wadda ta ci gasar ita ce tsatsar wani ƙarfe mai suna banadiyam, wanda aka fara ganowa a Meziko a 1801, aka sake gano shi a Siwidin a 1830. Kamfanin BASF ya yi rajistar katalis na banadiyam a 1913, kafin ƙarshen shekarun 1930 kuwa ya ture filatinam daga yawancin masana'antun duniya. Har yau shi ne ake amfani da shi. Duniya tana yin asid na farar wuta fiye da tan miliyan 250 a kowace shekara, fiye da rabinsa yana tafiya ne wajen yin takin zamani, kuma kusan dukkansa ta hannun wannan dillali yake bi.

YADDA AKE HAƊA SHI

Mai karatu zai yi zaton buhunan tsatsa zalla ake zubawa a tukunya. Ba haka ba ne. Abubuwa uku ake haɗawa, kamar yadda murhu yake da duwatsu uku.

Na farko ita ce tsatsar banadiyam, gari ne mai launin ruwan goro, kuma ba ta wuce kashi 4 zuwa 9 cikin 100 na nauyin katalis ɗin. Na biyu gishirin fotashiyam ne, ɗan'uwan sinadarin da ke cikin ruwan toka da ake yin sabulun salo da shi. Na uku, wanda ya fi yawa, wata farar ƙasa ce mara nauyi da ake kira diyatomait, wadda ta samu daga ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa da suka mutu suka taru a ƙarƙashin tafkuna tun zamanin da. Idan aka duba ta da madubin ƙara girma za a ga duk jikinta ƙofofi ne kamar soso.

Akan narka banadiyam da fotashiyam a ruwa, a zuba a kan garin farar ƙasar, a ƙara ɗan asid, a kwaɓa har ya yi kamar ƙullin fura. Sai a matsa shi ta cikin injin mai ƙofofi, kamar yadda ake murza taliya, a yayyanka gutsi-gutsi. A da siffar 'yan sanduna ake yi musu. Daga baya aka koma yin su kamar zobe mai rami a tsakiya, faɗinsa wajen milimita 10 zuwa 12, wasu ma har da tsaga-tsaga a gefe kamar fure, domin hayaƙi ya sami hanyar wucewa ba tare da injin hura iska ya sha wahala ba. Bayan haka a shanya su a ɗan zafi kaɗan sama da na tafasar ruwa, sannan a gasa su a tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 500.

Wani abin mamaki shi ne, a hannu katalis ɗin busasshe ne ƙarau kamar tsakuwa, amma a cikin tukunyar masana'anta, idan zafi ya haura digiri 400, banadiyam da gishirin fotashiyam sukan narke su zama wani ruwa mai kauri kamar zuma, ya shafe cikin ƙofofin farar ƙasar. A cikin wannan ruwa ne cinikin yake faɗawa: banadiyam ya miƙa wa hayaƙi ƙwayar oksijin, ya juya ya karɓi wata daga iska, ya sake miƙawa, haka dare da rana. Shi ya sa idan zafi ya sauka ƙasa da ƙima katalis yakan yi barci. Daga baya masana sun gano cewa idan aka ƙara gishirin wani ƙarfe mai suna siziyam, katalis yakan farka da wuri, a zafin da bai kai na da ba da digiri 20 zuwa 40.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Haɗawa ba ita ce mai wuya ba. Ɗalibi mai natsuwa yana iya kwaɓa katalis a ɗakin gwaji cikin kwana biyu ko uku. Gwaji shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo, kuma tambayoyi huɗu ake yi wa kowane sabon haɗi.

Tambaya ta farko: nawa yake juyawa? Akan zuba ɗan katalis a cikin siririn bututu, a sa bututun a tanderu, a riƙa tura masa hayaƙi mai biyu wajen kashi 10 cikin 100 gauraye da iska, kamar yadda yake a masana'anta. Sai a auna yawan hayaƙin a mashiga, a auna a mafita. Tsohuwar hanyar awo, wadda ake kira gwajin Reich, ba ta bukatar na'ura mai tsada. Ruwan aidin ne ake haɗawa da sitaci ya yi shuɗi, a riƙa bi da hayaƙin ta ciki har shuɗin ya ɓace. Idan ya ɓace nan da nan, hayaƙi mai biyu yana da yawa ke nan, dillali bai yi aiki ba. Idan ya daɗe bai ɓace ba, an dace. Akan maimaita wannan a zafi daban-daban, daga digiri 380 har zuwa 600, a rubuta. A nan ne ɗalibi zai gani da idonsa bambancin tsatsar baƙin ƙarfe, da ta tagulla, da ta banadiyam.

Tambaya ta biyu: ƙofofinsa a buɗe suke? Akan auna faɗin cikin ƙofofin ta hanyar duba yawan iskar naitirojin da katalis zai iya riƙewa a tsananin sanyi, dabarar da masana uku, Brunauer da Emmett da Teller, suka bayyana a 1938. Idan an cika banadiyam da gishiri fiye da kima sai su toshe ƙofofin, a yi asarar kuɗi a kuma yi asarar aiki.

Tambaya ta uku: yana da ƙwari? Akan danne ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ga nauyin da zai fasa su, a kuma zuba su a ganga a yi ta juyawa a auna garin da ya zuba. Katalis mai saurin marmashewa yakan toshe tukunya da ƙura, har a tsayar da masana'anta domin a tankaɗe shi.

Tambaya ta huɗu ita ce mai bukatar haƙuri: zai daɗe? Katalis na ƙwarai yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki. Domin haka akan bar sabon haɗi cikin zafi mai tsanani na tsawon makonni, a sake auna shi, a kuma gwada shi da abokan gabansa, wato ƙura, da laima, da sinadarin fulorin mai cinye farar ƙasar. Duk wannan aiki ana yinsa ne da takunkumi da safar hannu, domin ƙurar banadiyam guba ce ga huhu, hayaƙin kuma ba a wasa da shi.

LISSAFIN DA YA SHAFI UNGUWA

Wani zai ce mene ne na wannan wahala a kan kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari? Ga lissafi. A masana'anta akan jera katalis hawa huɗu a cikin tukunya. Hayaƙi yana shiga hawan farko da zafin wajen digiri 420, ya fito da wajen 600, domin haɗuwar da kanta tana haifar da zafi, a lokacin kuwa kusan kashi biyu cikin uku sun juya. Sai a sanyaya shi a tura hawa na biyu, haka har na huɗu. Tsohon tsari yakan juya wajen kashi 98 cikin 100. Tsarin da kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi a shekarun 1960, inda ake kwashe hayaƙi mai uku a tsakiyar tafiya kafin a shiga hawan ƙarshe, yakan kai kashi 99.7 ko fiye.

Tan ɗaya na farar wuta yana ba da kusan tan uku na asid. Ke nan masana'antar da ke yin tan 100 a yini tana ƙona wajen tan 33. Idan kashi 98 take juyawa, hayaƙin da yake tserewa ta bututun sama a kowace rana ya kai tan ɗaya da kilo 300. Idan kuwa kashi 99.7 ne, bai wuce kilo 200 ba. Bambancin nan ba a littafin akanta kaɗai yake tsayawa ba. Yana sauka a ƙirjin yaran unguwar da ke maƙwabtaka da masana'antar, da ganyen gonakinsu, da kwanon rufin ɗakunansu.

INA NIJERIYA TA TSAYA?

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan sana'a. A 1976 kamfanin takin sufa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna ya fara aiki, an tsara shi ya riƙa yin tan 100,000 na taki a shekara, da sashensa na yin asid a ciki, domin kowane tan na sufa yana cin fiye da sulusin tan na asid. Manoman gyaɗa na wancan zamani sun san darajar sufa. Amma dutsen fosfet daga Togo ake kawo shi, farar wuta daga ƙetare, katalis ma haka. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, duk masana'antar da ke rayuwa a kan kayan waje ta ji a jikinta, daga baya kuma aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa. A kudu, kamfanin Drury da ke Agbara a Jihar Ogun ya yi suna wajen yin asid da alif. A ƙarshen 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko domin kawo takin fosfet a gauraya shi a nan gida, wato dai aikin asid a can aka yi shi, ladan aikin ma a can ya tsaya.

Kamfanonin da suka shahara da yin katalis ɗin duk a waje suke, irin su Topsoe na Danmak, da BASF na Jamus, da MECS na Amurka. Shi kansa banadiyam yawancinsa daga Sin da Rasha da Afirka ta Kudu da Barazil yake fitowa. Ba mai hankalin da zai ce Nijeriya ta tashi gobe ta yi gogayya da su. Amma akwai abin da ke kusa da hannu. Farar ƙasar diyatomait, wadda ita ce mafi yawan jikin katalis, tana nan kwance a Bularafa ta Jihar Yobe. Akwai fosfet a yankin Dange da Shuni na Jihar Sakkwato, akwai farin yumɓu a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da wasu wurare da yawa. Tsohon katalis da masana'anta ta gama da shi ma ba shara ba ne, ana iya wanke banadiyam daga jikinsa a sake amfani da shi. Akwai kuma hukumar binciken albarkatun masana'antu da aka kafa a 1987 musamman domin irin wannan aiki.

Abu mafi muhimmanci, akwai mutane. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen koyar da injiniyancin sinadarai, kuma tsakaninta da gidan ruwa na Chanchaga ba wata tafiya mai nisa ba ce a mota. Siririn bututu, da ƙaramin tanderu, da ma'aunin zafi, da ruwan aidin da sitaci, ba su fi ƙarfin jami'a ba. Abin da gwajin yake bukata wanda kuɗi kaɗai ba sa saye shi ne wutar lantarki da ba ta yankewa har makonni, da malami mai tsayawa a kan ɗalibi, da ɗalibi mai rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Ƙasar da take da masu iya wannan gwaji, ko da sayen katalis take yi, ba a sayar mata da gurgun doki da sunan ingarma. Za ta san abin da ta saya, ta san lokacin da ya gaji, ta san kuma ko farar ƙasar Bularafa za ta iya tsayawa a madadin ta ƙetare.

Saboda haka ya kamata hukumomin ruwa na jihohi, da masu masana'antun taki, da jami'o'i, su zauna a tabarma guda su tsara wa ɗalibai ayyukan bincike da za a ɗora wani a kan wani shekara bayan shekara, maimakon kowane ɗalibi ya fara daga tushe, ya rubuta kundi, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Damina dai ba ta fasa zuwa, kogin Chanchaga zai sake yin ja, mutanen Minna kuwa za su buɗe famfo da safe suna sa ran ruwa garau.